Wayoyin da Na Warware a Motar Gawa

Jiya da hantsi ina zaune a baranda ina tsince shinkafa, sai wani ɗan acaba ya gangaro layinmu, babur ɗinsa ya yi harbi, tau! Kafin in ankara faranti ya bar hannuna, shinkafa ta watse a siminti. Jikata ta fito tana ƙyalƙyala dariya, wai Hajiya tsoron babur take ji. Na tsuguna na fara tsincewa. Yarinyar da aka yanke wa cibi shekaranjiya, me zan tsaya in gaya mata? Amma kai da ka zauna kana karanta wannan, bari in gaya maka inda wannan ƙara ta samo ni.

A unguwar Briqueterie aka haife ni, mu dai Birik muke cewa, zamanin shugaban ƙasa na farko. Gidajenmu na jar ƙasa ne da rufin kwano, sun hau kan tudu sun matse juna, lungu kuwa sai mutum ɗaya. Da safe ƙarar kekunan ɗinki ce ke tashin unguwa, da yamma hayaƙin tsire ya rufe ta. In damina ta kankama, laka takan bi mutum har kan tabarma, ja wur, ba ta fita a zane sai an sha wuya.

Ban san mahaifina ba. Direban babbar mota ne, yana ɗauko goro daga yamma a shekarun da hanyoyin can ba su da lafiya. Wata rana aka yi harbi daga cikin daji, har yau ba wanda ya san wa ya yi, aka kawo shi a rufe. Ina goye a lokacin. Mahaifiyata ta gama takaba ta koma wajen danginta a arewa, aka bar ni hannun iyayen mahaifina, Iya da Baba Tsoho. Sunan mahaifiyar Baba Tsoho na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata.

Tun daga rasuwar ɗanta, Iya ba ta ƙara jure ƙara ba. Ko murfin tukunya ya faɗi, sai ka ga ta dafe ƙirji tana salati, leɓenta na rawa. Makitsiya ce, matan unguwa har na unguwar Ekudu suna zuwa su kwanta a cinyarta. Mace ce mai tsari ƙwarai, har abin ya kan ba ni haushi. Tsagar kitsonta kamar an ja da zare, kuma ba ta iya ganin abu a harɗe ta wuce. Igiyar guga, zaren kitso, ko igiyar shanya, in ta gan su a cukurkuɗe sai ta tsuguna ta warware, ko da tuwonta na kan wuta. Ni ma haka ta tarbiyyantar da ni, da faɗa da ranƙwashi. Ka riƙe wannan, don shi ne ya ja mini abin da ya same ni.

Baba Tsoho haifaffen Nijeriya ne. Da ƙafa ya zo ƙasar nan yana saurayi, ya koyi kanikanci a garejin wani Bature, ya yi shekaru yana kwance ƙarƙashin motocin mutane. Har ya mutu bai sake bakinsa ba. Samarin unguwa su ce buji, shi ya ce fulogi, kuma in ka gyara masa ya harare ka. Da ƙarfinsa ya ragu, kunnensa ya fara nauyi, sai dattawan unguwa suka damƙa masa makullin motar gawa.

Tsohuwar a-kori-kura ce mai rufin tamfol, wadda jama'a suka haɗu suka saya saboda maƙabartarmu ta yi nisa, hawa da gangara. A ƙofar gidanmu take kwana, ƙarƙashin mangwaro. Ga wani abu da 'yan yanzu ba za su gane ba: ba mai taɓa motar nan. Ba doka aka kafa ba, haka kawai abin yake a zukata. Yara in ƙwallonsu ya shige ƙarƙashinta sai su tsaya cirko-cirko har Baba Tsoho ya fito ya ciro musu. Mai juna biyu takan sake lungu don kada inuwarta ta faɗa mata. Ɓarayi sun sha kwance batir da fitilun motocin mutane a Birik, amma ita ko a buɗe aka bar ta, ba mai miƙa hannu. Hannun mutum ɗaya ta sani a duniya.

Shi kuwa yana lallashinta yadda ban ga yana lallashin kowa ba. Kowace safiya ta damina sai ya ɗaga murfin gaba ya tokare da sanda, wai raɓa ta bushe daga wayoyi. Duk abin da yake yi mata, a kan abu guda yake, kada ta yi harbi. Na sha jin yana yi wa Iya bayani, ita tana kitso ba ta ko ɗaga kai. Ya ce wutar da ke ƙona mai a cikin inji tana da lokacinta, kuma akwai wani ɗan kai mai murfi da ake kira delko, shi ke raba wa fulogi huɗu wuta bi da bi. In wuta ta yi gaggawa ta riga lokaci, mota ta yi atishawa ta kafireta. In ta makara, man da bai ƙone ba ya bi salansa ya fashe a can, shi ne harbin. Iya takan ce, "To malam, mun ji. Ka dai hana ta."

Ya kuwa hana ta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin motar nan ta ɗaga murya ba. Takan tashi a hankali, ta gangara tudunmu kamar mai tafiya a kan tabarmar masallaci.

Ina shekara goma Iya ta kwanta ciwo, a babbar damina. Wata la'asar ina matsa mata ƙafa, Baba Tsoho ya shigo ya zauna bakin gado, hannunsa duk baƙin mai. Ta dube shi ta yi ɗan murmushi. Sai da ta ɗaga murya don ya ji.

"Malam, ka kai mutane da yawa. Ranar tawa kai za ka kai ni, ba wani ba. Kuma ka kai ni a hankali, kada in ji ƙara a hanya."

Ya ce, "Ke dai kin cika surutu." Can ya ce, "Na ji. In Allah ya yarda."

Bayan kwana tara ta cika, ana idar da sallar asuba, gari ya fara haske.

Ban iya gaya maka yadda safiyar nan ta wuce dalla-dalla ba. Na dai san gida ya cika da mata, takalma sun taru a ƙofar ɗaki jage-jage da laka. Aka ce sai bayan azahar za a kai ta, don ruwan da aka kwana ana yi ya jiƙa ƙasa, masu haƙa suna fama. Da tsofaffin mata suka shiga yi mata wanka, wata gwaggo ta kama kafaɗata ta fitar da ni, ta ce yara ba sa gani. Na je madafa, aka ce in matsa. Na je wajen masu ɗinkin likkafani, aka ce in matsa. Kowa yana da abin da yake yi wa Iya, ni da na kwana a bayanta shekara goma ba ni da komai. Na kuma san mata ba sa zuwa maƙabarta, daga ƙofar gida za mu rabu. Wallahi abin ya ci ni fiye da mutuwar kanta a wannan sa'a.

Sai na fita ta ƙofar baya na zagaya. Maza duk suna can gaban masallaci a kan tabarmi, Baba Tsoho yana karɓar gaisuwa. Motar tana ƙarƙashin mangwaro ita kaɗai, murfin gaba a tokare da sanda, ko a wannan rana bai manta ba. Na tsaya ina kallonta. Na ce a raina, wannan ce za ta ɗauki Iya, kuma ga laka a fitilunta. Na kwance ɗankwalina na goge fitila ɗaya, na jira in ga ko wani abu zai same ni. Ba abin da ya same ni. Na goge ɗayar.

Daga nan na taka ƙarfen gaba na leƙa cikin injin. Warin mai da tsohon ƙarfe ya bugi hancina, warin rigar Baba Tsoho ke nan. Na ga wayoyi huɗu baƙaƙe masu kauri sun fito daga kan murfin delko, kowacce ta nufi fulogi ɗinta. Biyu na gefe suna tafiya salin-alin. Amma biyun tsakiya sun hau kan juna, sun gitta, ɗaya ta bi ta ƙarƙashin 'yar'uwarta. Idona ya tsaya a kansu. Na ji muryar Iya a kunnena kamar tana tsaye a bayana. Haba, a ɗauki Iya a motar da wayoyinta ke harɗe? Na kama su na ja, suka fito da ɗan ƙarfi, na goge su da ɗankwali, na mayar da kowacce ramin da ya fi kusa da ita. Suka kwanta sambal kamar tsagar kitso. Na sauko ina jin a karo na farko tun asuba na yi wani abu mai amfani.

Aka yi azahar, aka yi mata salla a gaban masallaci, aka dawo da makara aka ajiye a zaurenmu kafin a juyo da mota. Mu mata muna tsakar gida, ni ina maƙale a bayan ƙyauren da ke tsakanin zaure da cikin gida, ina hango waje ta tsaga. Baba Tsoho ya sauke murfi, ya shiga, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya kama da ƙyar yana karkarwa, sai tau!

Tsuntsaye suka watse daga mangwaro. A cikin gida wata ta ƙwalla ƙara, wata ta zube tana salati. A shekarun nan in aka ji irin wannan ƙara ba mota ake fara tunani ba, na ga maza manya sun sunkuya. Ya sake taka mai, ta yi atishawa ta gaba, ta sake harbi ta baya. Ya kashe ta. Ya daɗe a zaune riƙe da sitiyari kafin ya fito, kuma da ya fito, zauren ya fara kallo, inda Iya take kwance.

Ka san ban gane ba? Wallahi ban gane ba. Ni da na yi gyara, ta ina zan kawo a raina cewa ni ce?

Baba Tsoho ya tuɓe babbar riga ya miƙa wa wani, ya ɗauko jakar sufanunsa. Ya fara da mai, ya kwance kan kafireta ya zuba abin da ke ciki a tafin hannu ya duba ko ruwan sama ya shiga, ya hura 'yan ramukanta da baki. Babu komai. Ya ɓalle murfin delko, da wayoyin a jikinsa, ya juya shi ya duba ciki ko ya tsage ko ya yi gumi, ya goge da gefen rigarsa. Ya duba 'yan ƙarafa biyun da ke buɗewa da rufewa a ciki, ya zura wani ɗan siririn ƙarfe ya auna tsakaninsu. Daidai suke. Ya bi salansa da hannu har baya yana neman huda. Sau biyu murfin nan yana hannunsa, yana duba cikinsa, bai dubi bayansa ba. Me zai duba? Shi ya jera wayoyin da hannunsa tun kafin in yi haƙora.

Sannan ya yi abin da yake yi in zai daidaita lokacin wuta. Ya kwance fulogi na ɗaya, ya toshe ramin da babban yatsa, ya sa wani ya juya injin a hankali da ƙarfen tayarwa ta gaba, har ya ji iska ta turo yatsan. Ya duba wata tsaga da ya shafa wa farin fenti a jikin ƙarfen da ke juyawa, ta zo daidai alamarta. Ya ɗauko ɗan ƙwan fitila mai wayoyi biyu ya maƙala. Ƙwan ya kama daidai inda ya kamata ya kama. Komai ya ce masa lafiya lau. Ya mayar, ya tayar, ta sake harbi, na uku ke nan.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Wani yaro ya zo da gudu daga maƙabarta ya ce masu haƙa sun gama, amma in ruwa ya sauko kabarin zai cika. Liman ya matso ya yi magana a hankali, aka maimaita wa Baba Tsoho da ƙarfi, cewa ba a jinkirta gawa. Ƙanin Iya, dillalin shanu ne a Etudi, mutum mai saurin fushi, ya ce akwai motar mahauta a bakin titi, a watsa mata ruwa a shimfiɗa tabarma, ai ba komai. Baba Tsoho ya girgiza kai. Ya ce a ba shi zuwa kiran la'asar.

Akwai wani matashin bakanike daga Nkomkana a cikin masu jana'iza, wanda ya yi makarantar koyon sana'a, rabin maganarsa Faransanci. Ya matso, amma ya tsaya taku biyu daga motar, hannayensa a baya, shi ma ba zai taɓa ba. Ya ce ko a rage wutar, ko a ƙara. Baba Tsoho ya sassauta ƙusar delko, ya sa aka tayar, ya riƙa juya shi kaɗan-kaɗan, ya karkata kai yana neman muryar injin da kunnen da ya riga ya tafi. Ya juya dama, ta yi atishawa. Ya juya hagu, ta yi harbi. Na ji wani a bayan taro yana cewa tsufa ne, kunnen ya mutu, ya kamata a karɓi makullin tun bara. Ya faɗa ne da tabbacin tsohon ba zai ji ba, ni ce na ji.

Sai matashin nan ya ɗaga murya ya ce, "Baba, ba wanda ya taɓa wayoyin buji?"

Kafin Baba Tsoho ya amsa mutane suka amsa masa. "Kai ma dai! Wa zai taɓa motar gawa?" Har da masu guntun tsaki. Matashin ya ji kunya ya ja baya.

Nan ne na gane. Na dubi ɗankwalina, ga baƙin mai a gefensa.

Zan so in ce maka nan take na fita. Ban fita ba. Na tsaya a bayan ƙyauren nan ina lissafin abin da zai biyo baya. 'Ya mace, ranar jana'iza, ta ratsa zauren da gawa take, ta shiga tsakiyar maza. Ta kuma ce ta taɓa abin da ko ɓarawo bai taɓa ba. Na ce a raina wataƙila ba shi ba ne, wataƙila zai gano da kansa. Na yi ta addu'a ya gano da kansa, don in tsira. Wannan tsayuwar ita ce abin da na fi jin kunyarsa a rayuwata, ta fi taɓa wayoyin nesa ba kusa ba.

Ladan ya taka matakalar masallaci zai kira la'asar. Baba Tsoho ya ajiye sufana a kan tayar, ya goge hannu. Ya zare makullin daga motar, ya miƙa wa Liman da hannu biyu. Muryarsa ta fito da ƙarfi, irin ta masu nauyin kunne. "Ku kira motar mahautan. Kunnena ya ci amanata. Na yi mata alkawari, ban iya ba."

Ban san lokacin da na tura ƙyauren ba. Na wuce ta gefen makarar Iya, ƙamshin turaren likkafani ya bi ni, na fita ba takalmi. Maza suka dare, wani ya ce, "Ke! Ina za ki?" Na isa gabansa na ja hannun rigarsa, na ce a hankali, "Baba, ni ce."

Ya sunkuyo ya kara tafin hannu a kunne. "Me kika ce, Uwata?"

Ka ga inda Allah ya kama ni. Mutumin da ba ya jin raɗa, ba a yi masa ikirari a ɓoye. Na sake faɗa, bai ji ba. Sai na buɗe maƙogwaro, a gaban Liman da ƙanin Iya da duk mazan Birik, na ce, "Ni na taɓa! Wayoyi biyu na tsakiya! Sun harɗe ne na warware su! Iya ba ta son abu a harɗe!"

Wurin ya yi tsit, har ina jin ɗigon ruwa daga ganyen mangwaro a kan tamfol. Ƙanin Iya ya yunƙuro, Liman ya tare shi da hannu. Baba Tsoho ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Sannan ya juya ya leƙa injin, ya bi wayoyin da yatsa yana ƙirga su yadda wuta ke bin fulogi, ɗaya, uku, huɗu, biyu. Yatsan ya tsaya. Ya rufe ido ya ce, "La'ilaha illallahu." Ya cire biyun ya mayar da su yadda suke, ɗaya ta bi ta ƙarƙashin ɗaya.

Amma aiki bai ƙare ba, don ya riga ya juya delko ya ɓata saitinsa. Ya karɓi makullinsa daga hannun Liman. Aka sake juya injin har farar tsagar ta zo kan alama. Ya maƙala ƙwan fitilar, sai dai idonsa ya cika, ya goge, ya sake cika. Ya ɗaga ni ya ɗora a kan ƙarfen gaba, inda na taka da safe.

"Tunda kin riga kin taɓa, kare wannan da hannunki. Da wutar ta kama ki ɗaga kai."

Na dunƙule tafuna a kan ƙwan don hasken rana. Ya riƙa juya delko a hankali, a hankali, kamar mai juya jariri. Can wani ɗan ja ya bayyana tsakanin yatsuna. Na ɗaga kai. Ya tsaya cak, ya ɗaure ƙusar.

Ya murɗa makulli. Ta tashi. Ba tari, ba karkarwa, muryarta ta dā ta dawo. Ya fito ya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen gefe ya rufe ido, da hannu yake saurare yanzu. Bai gamsu ba. Ya ce da ni, "Je ki tsaya a zaure kusa da ita. In ƙarar ta dame ki, ki gaya mini." Na je na tsaya kusa da kan Iya. Daga nan ba a jin komai sai wani ɗan gurnani mai laushi. Na girgiza masa kai.

Aka ɗauke ta. Na tsaya a bakin zaure, iyakar inda mace take tsayawa. Motar ta juya ta kama gangaren tudunmu, inda ko lafiyayyar mota takan yi harbi in direba ya ɗaga ƙafa, maza suna bin ta a baya. Na kasa kunne da duk jikina. Na ji ta ta wuce shagunan teloli, na ji ta ta sauka kwari, na ji ta ta fara hawan tudun can, har muryar ta narke cikin rugugin hadari. Ba ta yi ba ko sau ɗaya. An ce suna gama rufe kabari ruwa ya sauko.

Da magariba Baba Tsoho ya dawo a jiƙe. Ina ɗakin Iya a ƙudundune, ina jiran duka, har ina fatan a yi mini shi. Ya tsaya a ƙofa. Na fashe da kuka na ce, da ƙarfi don ya ji, "Baba, ta ji ƙarar. Sau huɗu. Tana zaure ta ji."

Ya zauna a bakin gadon, daidai inda ya zauna ranar alkawari. Ya ce, "Kina nan ai da ta faɗa. A hanya ta ce. A hanya kuwa ba ta ji komai ba." Sannan ya ce, "Harbin ƙofar gida laifina ne, Uwata. Shekara arba'in ina gaya wa yara su duba abin da suka tabbata da shi, ni ban duba ba."

Bai ƙara tayar da maganar ba har ya bar duniya. Amma bayan sadakar bakwai na ga ya shiga ɗakin Iya ya ɗauko baƙin zaren kitsonta. Ya je ya ɗaure wayoyin nan biyu daidai inda suka gitta, ƙulli uku. Mutanen unguwa kuwa sun daɗe suna nuna ni, yarinyar da ta taɓa motar gawa, wasu iyaye har suka hana 'ya'yansu cin abinci da ni na ɗan lokaci. Bai dame ni sosai ba. Daga ranar, duk safiyar damina ni nake riƙe masa sandar tokare murfi.

Yau Birik ta zama benaye da shaguna, mangwaron nan an sare shi tun ban aurar da 'yata ta fari ba. Motar ɗana in ta yi ciwo, wata na'ura ake maƙala mata ta faɗi abin da ke damunta, ba mai toshe rami da yatsa. Gawa kuwa a farar mota ake ɗauka, mai jiniya, tana tafe tana kururuwa don a ba ta hanya, yara suna jingina da ita suna latsa waya in tana ajiye. Ban ce sun yi laifi ba, tsoron da muka yi wa tamu ma ai shi ya kusa sa a kai Iya a motar nama.

Jiya bayan na gama tsince shinkafar daga siminti, na kira ɗana. Na ce ya zo ina da magana. Ya zo a tsaye, makulli a hannu, yana duba agogo. Na ce ya zauna a bakin gado, ya zauna. Na ce masa ranar tawa shi zai shiga gaba kusa da direba, ba wani ba, kuma ya ce a kashe jiniyar.

Ya ce, "Hajiya, kin cika surutu."

Na ce na sani, ya dai ce ya ji.